Jirage nawa kuma za a saya mana?

Assalamu alaikum Malam Edita. Wallahi shirinku na daren Laraba ya ɓata min rai, musamman wannan baƙon naku da ya dage wai dole a ƙara kuɗin makamai don mu kamo Aljeriya da Masar, shi kuma mai gabatarwa ya sakar masa fili yana ta zuba ko tambaya ɗaya bai jefa masa ba. Haba! Ita Aljeriya ai da Maroko take gasa, iyakarsu ma a rufe take tun 1994, mu da wa muke?

A 2017 gwamnoni suka amince a ɗebi dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don yaƙi da Boko Haram. Jiragen Super Tucano guda 12 daga Amurka kusan dala miliyan 500 suka lashe, suka iso a 2021. Ga maganar dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da ake zargin an karkatar a zamanin Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. To duk da haka mu a ƙauyenmu bara sai da aka bi gida-gida aka haɗa wa ɓarayin daji kuɗi kafin suka bari muka yanke gero, ni waken da na ajiye don kayan ɗakin ƙanwata shi na sayar na biya kasona. Jirgi ya wuce ta samanmu, mu ɗaga kai, shi ke nan. Asibitin garin ko maganin zazzaɓi babu, matar yayana a kan mashin muka fito da ita tana naƙuda cikin dare, ana riƙe da ita ta baya, ga ramuka ga tsoron hanya. Firamare kuwa awaki ke kwana a ciki, yaran da ya kamata a gani a aji su ake yaudara da 'yan kuɗi kaɗan su zama infoma. Kuma dan Allah bom ɗin da aka sakar wa masu Maulidi a Tudun Biri a Disamba 2023, da kuɗin wa aka saye shi?

Ban ce a bar soja hannu rabbana ba, amma ku kira mai faɗa mana inda kuɗin baya suka shiga.

Sannan wannan layin naku na kira, kullum ba ya shiga, amma mutum huɗu zuwa biyar ɗin nan kullum su ne a kai har mun haddace muryoyinsu. A gyara.

Mai sauraronku daga Gusau, Jihar Zamfara.