Imani ya haɗa da tsabtace kwata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan toshewar magudanan ruwa a Legas, duk da haramta robobin zuba abinci da gwamnatin jiha ta yi a 2024.

A Agege da Mile 12 sahu kan cika maƙil, amma ga ledar ruwa jibge a kwata, har bakin masallaci. Abin yana damuna, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mumini na gaskiya ba ya jawo wa maƙwabcinsa ambaliya, Bahaushe ne ko Bayarabe.

Ina roƙon limamanmu su yi huɗuba kan haka kafin damina, sarakunan Hausawa kuma su sa ranar yashe kwata a kowace unguwa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Agege, Legas