Zuwa ga Babana, kan Mustang ɗin nan da ka jawo gida

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kuna lafiya kai da iyalinka, ya sanyin Mishigan can Amurka, ya jikokina? Mu nan Alhamdulillahi, Ummanku tana gaishe ku.

Hotunan da ka turo sun iso, ƙanenka ya buɗe min su na yi ta kallo har bayan isha'i. Mota ce wallahi, raina ya biya. Lambar nan da ka ɗauko ta jikin dashbod ma ta faɗi asalinta, 8 ɗin farko shekarar 1968 kenan, F kuma a Dearborn aka haɗa ta nan kusa da ku, harafi na biyar C wato injin 289 mai silinda takwas, irin wanda ake kira V8, lita 4.7. Ummanku cewa ta yi in hana ka, ni kuma ban ga abin hanawa ba, shekara sha ɗaya na yi a gareji a Jidda ina kwance ƙarƙashin Caprice da GMC, na san yadda ƙarar V8 take shiga ran mutum. Abin da ya hana ni barci shi ne inda ka ce wai a hunturun nan za ka warware ta tas, ka tura bodi fenti, har ka fara duba wili masu ƙyalli. Dan Allah Babana ka dakata.

Kar ka warware motar nan gaba ɗaya. Kai yaro ne lokacin amma ƙila ka tuna Fijo 504 ɗin da ta daɗe a ƙofar gidanmu a kan bulo. Kwana uku na yi na sauke mata komai, inji gefe, giyabos gefe, noti a gwangwanayen madara, ina ganin wata biyu na gama. Sai kuɗin makarantarku ya taso, sai rashin lafiyar kakarka, damina ta wuce a kanta sau huɗu, gwangwanayen suka watse, ƙarshe 'yan gwangwan na kira suka auna ta a kilo. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, kuma ni makanike ne fa da kayan aiki a hannu. Motar da take tashi tana tafiya kullum tana ƙara maka ƙarfin gwiwa, wadda take a kwali kuwa ganinta ma nauyi yake yi wa zuciya. Ka riƙa taɓa waje ɗaya, ka gama, ka mayar, ka tuƙa ta, sannan ka taɓa na gaba.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya ka nemo tsatsa. Garinku gishiri ake zubawa a titi saboda ƙanƙara, kuma gishiri ba ya barin ƙarfe. Ita Mustang ba irin Caprice ba ce mai shasi daban da za ka ɗage bodi ka ajiye, bodin nata shi ne ƙashin bayanta, in ƙasan ya ruɓe to duk motar ce ta ruɓe. Ka ɗage kafet ka ga dandaɓarin ƙarfen da idonka, ka shiga ƙasa da tocila da sukudireba ka riƙa caka dogayen ƙarafan nan da suka ɗauki inji da waɗanda sifirin ɗin baya ya kama, in sukudireba ta shige to ka san inda kuɗinka zai fara tafiya. Sannan ga wani gwaji da ba ya cin ko sisi, wannan ragar da ke gindin gilashin gaba wajen waifa, ka zuba mata ruwa bokiti guda ka sa iyalinka ta leƙa ƙarƙashin dashbod. In ruwa ya ɗigo ciki, wajen ya huje, ganye ne ke taruwa a ciki ya riƙe laima shekara da shekaru, kuma ciwon waɗannan motocin kenan, gyaransa sai an cire gilashi da fenda an farke walda. Gara ka sani yanzu da ka sani bayan ka biya mai fenti. Ka kuma bi jikinta da mayen ƙarfe, duk inda ya ƙi kamawa fila aka cusa aka shafe.

Bayan tsatsa sai birki, ba inji ba. A hoton na ga kamar duk ƙafa huɗun duram ne. Ka canja tiyon birki da na mai duka ko da ka ga suna da kyau, robar da ta shekara hamsin ba abin yarda ba ce, ballantana fetur ɗinku da ake gauraya wa etanol, yana cin tsohuwar roba ya kuma ɓata cikin kafireta. In kuɗi ya samu ka mayar da ƙafar gaba diski, wannan kam ban ce ka yi ƙwauro ba, jikokina za su shiga motar nan. Ƙurar birkin kuma kar ka hure ta da baki ko da iska, tsofaffin shu akwai asbestos a ciki, wani sinadari mai lahanta huhu, ka jiƙa tsumma ka goge. Taya ma ka duba lambobi huɗun ƙarshe na jikinta, sati ne da shekarar da aka yi ta, kar zanen ya ruɗe ka. Kuma ka sani tankin mai na wannan motar shi ne ƙasan but ɗin, in ka ji warin fetur a ciki kar ka ce za ka lallaɓa.

Inji kuwa tunda ka ce ta shekara bakwai a ajiye, kar ka sa batir ka murɗa makulli. Cire filogi duka takwas, ɗiga ɗan mai a kowane rami, bar shi ya kwana, sannan ka juya karanshaf da hannu da sufana ka ji ko yana juyawa lafiya. Zubar da tsohon fetur. In ta tashi ka ari ma'aunin kwamfireshan ka gwada silinda ɗaya bayan ɗaya, in lambobin sun yi kusa da juna to ka bar injin nan ya sarara, 289 yana da juriya, sabis yake so da wanke kafireta da lagireto mai tsafta. Baƙin mai ka nemi mai sinadarin zinki da yawa, irin na motocin yanzu an rage masa, kuma kamshaf ɗin tsohon inji yana sudewa in babu. Kwantak ɗin cikin distributa ka sauya shi da na lantarki, kuɗi kaɗan ne kuma ka huta da saiti.

Na san kana son ƙarin ƙarfi, jininka ne. To ka yi haƙuri sai baɗi, kuma ko lokacin ba sai ka sayi sabon inji a akwati ba. Ford Explorer ta 1996 zuwa 2001 akwai masu injin lita 5.0, dangi ɗaya ne da naka, suna nan a wajen masu yanka mota, kamar dai yadda muke shiga Ƙofar Ruwa mu tsinto abu mai kyau a tsibin ƙarfe. Amma duk abin da ka cire na asali, ko murfin bawul ne, ka wanke ka rubuta masa suna ka adana, ranar sayarwa shi ke ɗaga darajarta. Fenti shi ne ƙarshe, in ta yi shekara biyu da dabbare-dabbaren faraima ba abin kunya ba ne.

Maganar kuɗi, ka ce dala 6,000 ka ware. Ka cire kashi ɗaya cikin uku ka ɓoye don abin da ba ka gani ba tukuna, wallahi zai fito. Kar ka ci bashi mai ruwa a kan mota, kar ka goga kati da sunan wata mai zuwa ka biya, kuma ka zaunar da iyalinka ka gaya mata gaskiyar abin da kake kashewa, ita ce za ta yi haƙurin asabar ɗinka da lahadi. Takardar mallaka ma ka tabbatar lambar jikinta ta yi daidai da ta motar kuma ta koma sunanka kafin ka sa mata sufana.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah, kar ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai. Wani yaron garejinmu a Jidda jak ya zame masa, da hannuna na taya ɗaga motar, ya rayu amma bai ƙara tafiya daidai ba. Ka sayi ƙafafun ƙarfe huɗu masu kyau, ka sa katako a bayan taya, ka girgiza motar da ƙarfi kafin ka kwanta. In za ka tayar da ita kuma ka buɗe ƙofar gareji ko da sanyi zai kashe ka, hayaƙin salansa ba ya sallama.

Ran juma'a in ka taso aiki ka yi gwajin ruwan nan, ka ɗage kafet ɗin ɓangaren direba ka turo min hoto da haske sosai, da na ƙasan but. In ta tashi kuma ka kira ni ka kara wayar kusa da inji, ina so in ji ta da kunnena.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ku.

Mahaifinka.