Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Fatakwal Kan Karatun 'Yarmu

Unguwar Rimi, Kaduna.

Aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso hannuna tun makon jiya. Da gangan na jinkirta amsa, har sai da 'yarmu ta zo gidana sau biyu daga wajen Hajiya a Tudun Wada, muka zauna na ji ta bakinta, na kuma duba sakamakonta na aji huɗu da aji biyar na sakandare.

Ka tambaye ni ko ka bar ta ta nemi gurbi a jami'o'in Harvard da MIT na Amurka da Oxford ta Ingila kamar yadda ta ƙwallafa rai, ko kuwa ka tsawatar mata ta fuskanci JAMB kamar sauran 'yan ajinsu. Ra'ayina shi ne ka bar ta ta nema, domin yarinyar tana da kai, kuma ba na son ta girma da tunanin cewa mu ne muka rufe mata ƙofa. Sai dai ina so kai da kanka ka fahimci yadda abin yake tafiya, saboda na lura a saƙonka kana auna shi da ma'aunin da muka sani a gida.

A nan, yaro yana rubuta JAMB a kan maki 400, ya yi jarrabawar tantancewa ta jami'a, idan ya haye makin da aka yanka wa kwas ɗinsa yana da kyakkyawan zato. A can maki sharaɗin shiga layi ne kawai. A shekarar 2024 mutum sama da 54,000 suka nemi Harvard, aka ɗauki ƙasa da 2,000, wato ko huɗu cikin ɗari ba su cika ba, kuma da yawa daga waɗanda aka mayar makinsu bai gaza na waɗanda aka ɗauka ba. 'Yarmu za ta yi takara ne da zakarun makarantun Indiya da Sin da Kenya da Legas, kowanne yana riƙe da takarda mai kyau irin tata. Saboda haka idan aka ƙi ta, ba shaida ba ce a kan ƙwaƙwalwarta, kuma ina roƙon ka riƙe wannan tun yanzu, kafin watan Maris, lokacin fitowar sakamako, ya zo.

Maganar kuɗi ita ce ta fi damun ka, na sani. Shekara guda a irin waɗannan jami'o'i na Amurka, idan aka haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, ta haura dala 80,000, abin da ni da kai ba za mu tara ba ko da mun sayar da gonakin gado. Amma akwai 'yan ƙalilan da ke duba takardun ɗalibin ƙasar waje ba tare da kallon aljihun iyayensa ba, sannan idan sun ɗauke shi su cike duk abin da iyayen suka gaza biya. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst sun daɗe a kan wannan tsari, Dartmouth ta bi sahu a 2022. Galibin sauran kuwa suna lura da ko ɗalibin waje ya nemi tallafi, kuma neman yana rage masa dama. Abin mamakin ke nan: makarantun da suka fi wuyar shiga su ne suka fi sauƙin biya ga ɗan talaka. Aikinka a nan shi ne cike fom ɗin CSS Profile, inda za ka bayyana albashinka da kadarorinka da yawan waɗanda kake ciyarwa. Ka faɗi gaskiya ƙwaya da ƙwaya, kada ka rage don a tausaya, kada ka ƙara don jin kunya.

Oxford kuwa na ba ta shawarar ta ajiye ta a gefe tukuna. Ba sa karɓar WAEC ita kaɗai, sai an ƙara da A-level ko IB, wato jarrabawoyin share fagen shiga jami'a na ƙasashen waje, wanda ke nufin ƙarin shekaru da kuɗi a makarantar kuɗi. Ana rufe nema ranar 15 ga Oktoba, ba a neman Oxford da Cambridge tare a shekara ɗaya, kuma tallafin digirin farko ga baƙi a Ingila kaɗan ne ƙwarai. Idan Allah ya kai ta digiri na biyu, akwai tallafin karatu na Rhodes da Chevening da Commonwealth.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci ni da ita shi ne rubutun bayanin kai, wanda Common App, wato fom ɗin bai-ɗaya na neman jami'o'in Amurka da yawa, ke nema a cikin kalmomin da ba su wuce 650 ba. Mun tashi a kan cewa yabon kai jahilci ne, mun kuma tarbiyyantar da 'ya'yanmu, musamman mata, a kan kunya da kawaici. Wannan tarbiyya ina alfahari da ita, amma ga shi an ce wa yarinya ta zauna ta bayyana wa baƙi ko ita wace ce. Abin da ta fara kawo mini shafi ne cike da manyan kalmomi a kan burinta na ceto Afirka daga talauci, irin wanda yara dubu za su rubuta ba tare da an bambance na wani da na wani ba. Na ajiye takardar na tambaye ta me take yi ranar Asabar. Sai ta ce ita ke riƙe wa Hajiya littafin adashen matan layinsu tun tana aji uku, kuma da rigima ta yi yawa a kan wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba, ta zana wani jadawali mai alamomi wanda ko matar da ba ta yi boko ba za ta duba ta gane matsayinta, tun daga nan ba a sake ɗaga murya ba. Malam, yarinyar ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba, alhali a cikinsa ake ganin lissafinta da amanarta da yadda take zama da mutane. Na ce ta rubuta wannan da bakinta. Ni zan karanta in yi tambaya, amma ba zan sa mata jimla ko ɗaya ba.

Haka batun wasiƙun malamai. Makarantunmu sun saba da takardar shaida mai layi biyu, cewa ɗaliba ce mai ladabi da ƙwazo. A can ana son malami ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa a aji. Zan je makarantar da kaina in zauna da malamin lissafi da malamar kimiyyar sinadarai, domin na tabbata sun san ta, ba a taɓa neman su rubuta irin wannan ba ne kawai.

Ina gargaɗinka da dillalai. Wani maƙwabcina a nan ya biya kuɗi masu yawa ga wani ofishi da ya yi masa alƙawarin gurbi da biza, daga baya ya gano rubutun da aka miƙa da sunan ɗansa an sayar wa wasu yaran ma. Babu mai iya sayar maka da kujera a waɗannan jami'o'i. Cibiyar EducationUSA da ke Abuja tana ba da shawara, tana kuma da shirin taimaka wa haziƙan da ba su da hali da kuɗin jarrabawa da na nema, abin da ya ƙara muhimmanci tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu ta Abuja zai kai mu mu dawo a yini ɗaya, kuma ni zan raka ta.

Dole ta rubuta SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, domin MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Harvard ma ta dawo da shi a 2024. Zagayen farko na nema yana rufewa 1 ga Nuwamba, na biyu a farkon Janairu, sakamako ya fito a watan Maris. Kada ta sa hannu a tsarin neman wuri da ake kira Early Decision ba tare da mun yi shawara ba, saboda alƙawari ne da ke ɗaure ɗalibin da aka ɗauka ya je jami'ar.

Ko an ɗauke ta, saura biza, kuma ka ga yadda a Yulin 2025 Amurka ta taƙaita yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya ta wata uku. Don haka ba za mu zubar da ruwan tulu saboda hangen hadari ba. Za ta yi rajistar JAMB ta sa ABU Zariya a zaɓin farko, ta shirya mata da gaske, sannan ta nemi tallafin Gidauniyar Mastercard, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka a Ashesi ta Gana da Cape Town da Toronto da sauransu. Damuwarka a kan zaman ɗiya mace ita kaɗai a wata ƙasa damuwa ce ta gaskiya, ni ma uba ne, amma na fi son mu yi wannan magana baki da baki tare da mahaifiyarta idan ka zo hutun Sallah.

Roƙona na ƙarshe shi ne kada ka yaɗa maganar a dangi. Idan kowa ya ji cewa za ta Harvard, ranar da amsa ta zo ba yadda ake so ba, nauyin idon jama'a zai fi na wasiƙar ciwo. Ka turo mini takardun albashinka na shekarar da ta wuce, ka kuma aiko da kuɗin fasfo, domin nata bai fito ba har yanzu. Ka kira ta ranar Juma'a bayan la'asar, ta ce tana jin nauyin ta fara tayar maka da zancen.

Ka gaida uwargida da yara. Hajiya tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Wassalam,
Amininka na Kaduna.