Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Kafa Tsarin Gargaɗi Kafin Hari Ya Iso

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa, kwamitin masallaci na roƙon gudummawarku domin kafa tsarin da zai kai labarin haɗari ga jama'a da jami'an tsaro da wuri. Kafin a kai hari, galibi wani ya ga alama: baƙin babura sun taru a daji, an tare hanya, ko rigimar gona ta fara zafi. Sai labarin ya maƙale a bakin mutum ɗaya, ko sabis ya ɗauke. A 2010 ƙauyukan arewa maso gabashin Kongo suka fara sanar da juna motsin mayaƙan LRA, ƙungiyar 'yan tawayen da ta samo asali daga Uganda, ta rediyo mai aiki da sola, kuma irin wannan muke so mu kafa daidai ƙarfinmu. Ko harsashi ɗaya ba za a saya da kuɗinku ba.

Muna bukatar oba-oba 12 masu ƙarfin wat 5. A fili ɗaya takan kai kilomita 3 zuwa 5, amma gini da tudu suna rage mata zango, shi ya sa za a ɗora eriya da na'urar ƙara zango a kan hasumiya. Sai faifan sola biyu masu wat 100, batir mai volt 12, na'urar daidaita caji, jiniyar hannu biyu, da kuɗin lasisi daga hukumar sadarwa.

Sayen kaya shi ne mai sauƙi. Batir ne ke fara kashe irin wannan tsari: idan ana zuƙe shi har cajinsa ya koma ƙasa da rabi kullum, ko jama'a suka mayar da shi wurin cajin waya, cikin watanni zai mutu. Ƙura ma tana rage ƙarfin faifan, dole a goge shi duk mako. Don haka kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara za a ajiye shi don gyara da canjin batir.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne jita-jita, domin gargaɗin ƙarya kan jawo a far wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ba za a kaɗa jiniya ba sai mutum biyu da ba su ji daga bakin juna ba sun tabbatar. Mai rahoto zai faɗi abin da ya gani, wuri, lokaci, yawan mutane da inda suka nufa, ba tare da ambaton ƙabila ko addini ba. Kowa na iya sauraron oba-oba, har maharan, don haka da lamba za a kira masu lura, ba da suna ba. Za a zaɓo su daga manoma, makiyaya, mata da maƙwabtanmu mabiya wani addini. Za a gwada layi safe da yamma, a yi atisayen kai yara da tsofaffi mafaka duk wata uku, kuma a yi yarjejeniya da jami'an tsaro kan wanda zai amsa kira da dare.

A miƙa gudummawa ga ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a, a karɓi rasit. Mai faifan sola ko batir zai iya kawowa, mai sana'ar lantarki ya ba da lokacinsa. Za a liƙa lissafin shiga da fita a allon masallaci duk ƙarshen wata.

Allah Ya saka da alheri, Ya tsare mu baki ɗaya.

Kwamitin Masallaci