Rangwamen Harajin Gida Ga Dattawa: A Saudiyya Ba Shekaru Ake Dubawa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi wa 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina bayani kan saƙon nan da ke yawo a wayoyi, wai duk dattijon da ya kai shekara 65 gwamnati za ta mayar masa da harajin gida. Maganar tana da tushe, amma a Amurka. A jihar Masacusets, alal misali, dattijo mai ƙaramin ƙarfi da harajin gidansa ya haura kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu a shekara, jiha kan mayar masa da rarar har zuwa wani adadi. Su can kowace shekara suke biyan harajin gidan da suke kwana ciki. Mu nan babu wannan, balle a yi maganar mayarwa.

Abin da muke da shi shi ne harajin cinikin gida da fili, kashi 5 cikin ɗari na farashi, tun Oktoban 2020. Doka mai sayarwa ta ɗora wa, sai dai kowa ya san a kan mai saye yake hucewa. Sassaucin da ke ciki na ɗan ƙasa ne mai sayen gidansa na farko, tsoho ne ko yaro: gwamnati ke ɗauke harajin riyal miliyan ɗaya na farkon kuɗin gidan, wato riyal 50,000 ke nan iyaka. Gidan miliyan ɗaya da dubu 200 harajinsa 60,000 ne, saura 10,000 sai a lalubi aljihu. Mai ikama, wato baƙo mai takardar zama, ba ya ciki, ko da a unguwar Misfala ta Makka aka yanke masa cibiya. Dokar haƙƙin tsofaffi ta 2022 ma, wadda ta fara ƙirga tsufa daga shekara 60, 'yan ƙasa ta shafa, kuma fifiko a wurin hidima da wajabcin kulawar iyali ta kawo, ba ta taɓa wannan haraji ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne jerin takardu. Da farko mai saye ya ciro shaidar gidan farko daga Sakani, shafin gwamnati na harkar gidaje. Sannan mai sayarwa ya yi rajistar cinikin a shafin Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan, a shigar da lambar shaidar nan, a biya abin da ya yi saura. Bayan haka ne ake ifragi, wato a juya sakki, takardar mallakar gidan, zuwa sunan mai saye. Wanda ya yi gaggawa aka biya harajin kafin shaidar ta fito, sai ya koma bin kuɗinsa. Idan kuwa sakkin gidan tsohuwar takarda ce da ke naɗe a akwati tun zamanin kaka, a fara sabunta shi a hukumance, don da takardar hannu cinikin ba zai motsa ba.

Akwai wata dabara da dattawanmu ke so, ta sayen gida da sunan babban ɗa "don sauƙin zirga-zirga". Baba, wannan sauƙi yana da tsada. An cinye wa yaron damarsa ta gidan farko, kuma ranar rabon gado sakki zai ce gidan nasa ne shi kaɗai. Kyautar gida ga mata ko miji ko dangi na kusa, har mataki na uku, ba ta da haraji idan an rubuta ta a hukumance. Amma wanda aka bai wa ya sayar wa bare kafin shekara uku, harajin zai dawo. Rabon gado shi ma babu haraji, sai ranar da magada suka sayar.

Masu haya kuma, kuɗin hayar gidan zama babu harajin nan na VAT mai kashi 15 a kansa, kada wani dillali ya cusa shi cikin lissafi. A tabbata dai yarjejeniyar tana kan Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, da sunan dattijon kansa. Kuma 'ya'ya su duba lambar wayar da ke kan Absher ɗinsa, manhajar hidimomin gwamnati, tun kafin ranar ciniki, domin sau da yawa layin wani jika ne da ya tafi aiki Riyad, ga mai sayarwa zaune yana jira, lambar tabbatarwa kuma can take sauka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Shari'u Mansur, Makka