Wasiƙar Godiya ga Alhaji Mai Shagon Waya na Titin Ahmadu Bello, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka da yaran shagonka, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in sauke wani nauyi da ya daɗe a wuyana. Ranar da na ce maka zan yi wannan rubutu ka ɗaga hannu ka ce in rufa maka asiri kada in ambaci sunanka, kuma na cika alƙawari, sai dai ina da yaƙinin cewa duk wanda ya taɓa ciniki da kai zai gane ka tun kafin ya kai rabin takardar.

Ni ɗan gwari ne a kasuwar Farin Gada, bayan na yi shekaru ina koyarwa. Sana'ata a yau kusan rabinta a cikin waya take. Da sanyin safiya, idan motoci suka sauke dankalin turawa daga Bokkos da Mangu, ga kabeji da karas da koren wake da tumatir, aikina na farko shi ne in ɗauki hotunan kaya in tura wa abokan cinikina na Abuja da Legas da Fatakwal ta WhatsApp. Da hoton nan suke yin tayi, da shi muke sallamawa, sannan su turo kuɗi a yi lodi. Saboda haka lokacin da tsohuwar wayata ta gaji, batirinta ya daina kai ni azahar, sai na ji kamar rumfata ce aka rufe.

Wannan ya faru ne bayan ƙaramar sallar 2024, lokacin da kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan da ake shigowa da su daga waje ba su sake zama wuri ɗaya ba, har dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Mutum irina ba shi da kuɗin da zai yi gwaji da su, idan ya sayi waya ta ƙi shi, to ya zauna da ita shekaru. Na yi tambaya a wurare da dama har na tsaya a kan wayoyi biyu masu kusan kuɗi ɗaya, wato Samsung Galaxy A15 da Redmi Note 13 ta kamfanin Xiaomi. Ɗana babba ya riga ya yanke mini hukunci tun daga gida. Ya ce kyamarar Redmi megafiksel 108 ce, wato ɗigo miliyan 108 a hoto, ta Samsung kuwa 50, saboda haka babu abin tsayawa shawara. Da wannan lamba a bakina na shigo shagonka.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ka miƙa hannu ka ɗauko kwali ba. Ka sa aka ba ni kujera, ka ce, "Malam, kafin mu zo ga waya, wace sana'a kake yi, kuma a ina kake wuni?" Na yi maka bayani, ka saurara har na gama, sannan ka ci gaba da tambaya: layi nawa nake amfani da su, shekara nawa tsohuwar wayar ta yi a hannuna, a cikin rumfa nake ɗaukar hoto ko a tsakiyar rana, kuma awa nawa muke samun wuta a unguwarmu. Na sha sayen waya a rayuwata, amma ban taɓa haɗuwa da mai shagon da ya tambaye ni inda nake wuni ba.

Da na kawo maganar 108 ɗin nan sai ka yi murmushi ka ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka bayyana mini cewa idan mutum ya danna hoto yadda aka saba, Redmi tana haɗa ɗigo tara ne su zama ɗaya, hoton ya fito a megafiksel 12, ita kuma Samsung tana haɗa huɗu su zama ɗaya, ya fito a 12 da rabi. Ke nan hotunan da za su fito daga wayoyin biyu kusan girmansu ɗaya. Ka ƙara da cewa ko da na tilasta wa wayar ta ɗauka da cikakken ƙarfinta, WhatsApp yana matse hoto kafin ya isa hannun wanda aka tura wa, don haka mai saye a Fatakwal ba zai taɓa ganin 108 ɗin da na biya kuɗinsa ba. Na yi shiru, domin dalilin da ya kawo ni ke nan ka rushe shi a cikin minti biyu, alhali kuwa da ka bar ni a kansa da tuni na biya na tafi.

Daga nan ne ka yi abin da har gobe nake ba mutane labari. Ka kira ƙaramin yaron shagon ka ba shi kuɗi daga aljihunka, ya tsallaka titi ya sayo tumatir da attaruhu na ɗari biyu a wurin wata mai talla. Aka zuba su a kan kwalin da ba kowa a ciki, ka ɗauko wayoyin gwaji guda biyu da kuke ajiyewa a buɗe, ka ce in ɗauka da hannuna yadda nake yi a kasuwa. Na ɗauka a cikin shago inda haske bai wadata ba, na fita bakin titi na ɗauka a rana tsaka, sannan ka ce in tura hotunan zuwa wayarka ta WhatsApp mu kalle su a fuska ɗaya, domin idan an kalli kowanne a kan wayar da ta ɗauke shi, hasken fuskar zai iya yaudarar ido. Wannan dabara ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. Da muka jera su, har tabon da ke jikin tumatir ɗaya da ƙurar da ta kwanta a kan attaruhun duk sun fito a hotunan biyu, kuma bambancin da na gani bai kai wanda zai sa mai saye ya ƙara ko ya rage mini naira ɗaya a kan kwando ba. Gani ya kori ji.

Amma fitar da na yi bakin titi ta nuna mini wani abin da ban zo nema ba. A cikin rana, fuskar Redmi ta fi ba ni sauƙin karanta saƙo ba tare da na kare ta da tafin hannu ba. Ka ce a takarda an rubuta mata haske har 1,800 a ma'aunin da ake kira nit, Samsung kuma 800, sai dai ka gargaɗe ni kada in ɗauki waɗannan lambobi kamar aya, domin kamfanonin ba hanya ɗaya suke bi wajen aunawa ba, kuma babbar lambar ta ɗan lokaci ce a ɗan gefen fuska. Ka ce abin da idona ya gani shi ne hujja. Dukansu biyu irin fuska ɗaya gare su, wadda ake kira AMOLED, ta Redmi inci 6.67, ta Samsung inci 6.5.

Sauran abubuwan ka bi da ni cikinsu da sauri domin babu abin jayayya. Batirin kowacce 5,000 ne a ma'auninsu na batir. Injin cikinsu, Helio G99 a Samsung da Snapdragon 685 a Redmi, ka ce tsara ne, kuma ga mai WhatsApp da kira da manhajar banki babu wanda zai gaza. Dukansu suna da ramin abin sauraro na kunne, kuma waɗanda muka gwada ɗin 4G ne.

Inda ka tsaya ka ja hankalina shi ne wurare uku. Na farko caja: Redmi tana ɗaukar caji mai ƙarfin wat 33 kuma kan cajarta yana cikin kwali, Samsung kuwa wat 25 ce, kuma a kwalin da ka buɗe a gabana igiya ce kawai babu kan caja, sai mutum ya saya daban. Ka ce in haɗa kuɗin caja mai kyau a lissafi kafin in ce wannan ta fi waccan araha, ka kuma hana ni tunanin sayen ta bakin titi, domin a cewarka araha ba ta ado, kuma yawancin batiran da ake kawo muku sun kumbura daga nan matsalarsu take farawa. Na biyu ƙura da ruwa. Redmi tana da shaidar IP54, ka fassara mini ita dalla-dalla: 5 ɗin na nufin an kare ta daga yawancin ƙura amma ba gaba ɗaya ba, 4 ɗin kuma na nufin za ta jure feshin ruwa da yayyafi, ba faɗawa cikin bokiti ba. Samsung A15 ba ta da irin wannan shaida. Ga wanda yake wuni a Farin Gada, hannunsa kullum a jiƙe da ruwan wankin karas, ga ruwan saman Jos da kan sauko ba sallama daga Afrilu har Oktoba, ga ƙurar hunturu a bayansa, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Na uku shi ne wanda ya tabbatar mini ba wata waya kake tallata mini ba. Bayan ka ga zuciyata ta karkata ga Redmi, sai ka juya ka ce, "Malam, amana ce in gaya maka inda Samsung ta fi ta." Ka ce A15 ta fito da Android 14, kuma kamfanin ya yi alƙawarin ɗaga ta zuwa sabon Android har sau huɗu tare da gyaran tsaro na shekara biyar, ita kuwa Redmi ta fito ne da Android 13, kuma ba za ta yi tafiya mai nisan haka ba. Ka bayyana mini cewa wannan ba ado ba ne, domin ta wannan sabuntawa ake toshe ƙofofin da 'yan damfara suke bi, kuma manhajojin banki kan daina aiki a kan wayar da ta tsufa da yawa. Ka kuma faɗa mini cewa wasu manhajojin da Redmi take zuwa da su sukan nuna talla, ko da yake ana iya kashe yawancinsu. Sannan ka ce idan niyyata in riƙe waya shekara biyar a wuri mai tsabta, Samsung za ka ba ni shawara, idan kuwa wayar za ta sha rana da ƙura da laima har jikinta ya riga manhajarta gajiya, to in yi tunani a kan ɗayar. Ka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka tashi ka tafi sallar la'asar ka bar ni da wayoyin biyu a hannu.

Redmi na ɗauka, wadda na zo saye tun farko, amma ba don dalilin da na zo da shi ba. Na ɗauke ta don hasken fuskarta a rana, da kariyar ƙura, da caja, da kuma sifikunta biyu, domin abokan cinikina da yawa saƙon murya suke turowa, kuma hayaniyar kasuwarmu ba ta barin mutum ya ji sifika ɗaya da kyau. Kafin in biya sai babban yaronka ya fitar da tiren layi ya nuna mini cewa a wayoyin biyu gurbin katin mamori shi ne gurbin layi na biyu, wato ko layi biyu, ko layi ɗaya da kati. Ya ce, "Baba, tunda layi biyu gare ka, kuma hotuna kake tarawa kullum, gara ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki mai ma'ajiyar giga 256." Da bai faɗa ba, da sai na isa gida zan gane, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Haka kuma ban manta da yadda aka kammala cinikin ba. A gabana aka yanke liƙin kwali, aka sa ni na danna *#06# da hannuna, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, muka gwada ta da wadda ke jikin kwalin lamba da lamba, sannan aka rubuta ta a kan rasit. Na yi tiransifa kuɗin suka fita daga asusuna amma suka ƙi isowa wurinka har kusan magariba, kuma a duk tsawon wannan jira ban ga canji a fuskarka ba, sai ma ka sa yaran suka yi amfani da lokacin wajen kwashe mini lambobi da hotuna daga tsohuwar wayar, suka manna gilashin kariya, suka zauna suka kashe tallace-tallacen nan ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wata biyu na turo maka ƙanwata, malamar makarantar firamare ce a Bukur, na ce mata ta sayi irin tawa kawai. Da yamma ta dawo da Samsung A15. Ta ce ka yi mata irin tambayoyin da ka yi mini, ka ji cewa wayarta daga aji sai jaka, kuma ta baya ta yi shekara shida a hannunta, sai ka ce mata wayar yayanta ta yayanta ce, ita ga wadda za ta fi daɗe mata. Na yi dariya har da ƙwalla, domin na aika ta da shawarata kai kuma ka warware ta a gabanta, kuma kai ne da gaskiya.

Tawa ta ga damina guda, har da ranar da ƙanƙara ta same mu muna tsakiyar lodin kabeji, ta kuma ga hunturu guda, kuma har yanzu tana kai ni dare da caji ɗaya. Ina roƙon ka isar da godiyata ga yaran nan biyu, musamman ƙaramin da ya tsallaka titi sayen tumatir. Ka ƙi karɓar ɗari biyun da ka kashe ranar, saboda haka idan sabon dankali ya fara shigowa daga Bokkos, za a kawo maka buhu guda har ƙofar shago, kuma na riga na gaya wa mai kawowar kada ya tsaya sauraron ka idan ka ce a mayar.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya raya zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a Filato.

Wassalam.

Naka,
Ɗan gwarin da ya zo da maganar 108,
Kasuwar Farin Gada, Jos.