Zuwa ga Abba, kan maganar laftof da kos ɗin nan da kake gudu

Assalamu alaikum Abba, ya karatu ya hostal? Mu nan gida lafiya lau, ƙannenka na gaishe ka. Mamanka ta isar min da saƙonka, wai laftof ɗin ta yi maka kaɗan tunda RAM ɗinta, wato memorin da take aiki da shi, 4GB ne, kuma wai kos ɗin OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kana so ka samu maki kawai ka wuce don ba ka ga amfaninsa ba. Maganar kuɗi za mu yi ta in ka zo hutu, amma ta biyun nan ita ce ta hana ni barci shi ya sa na zauna nake rubuto maka.

Ka san dai a 1988 na fara aiki a ofishin akanta, to kwamfuta ɗaya tak muke da ita, mai injin 286, tana ajiye a ƙarƙashin tebur an lulluɓe ta da zani saboda ƙurar hunturu, amma mutum huɗu ke aiki a kanta lokaci guda. Kowa da sikirin ɗinsa mai koren rubutu da kibod, wayoyi sun bi ta jikin bango sun shiga bayanta. Waɗannan sikirin ba su da ƙwaƙwalwar kansu, tamina ake ce musu, duk lissafin can cikin akwatin ɗaya ake yi. Ni ina shigar da albashi, na kusa da ni na duba kayan sito, furinta na ta ƙara a lungu, ba wanda ke jiran wani. OS ɗin da ke kanta Xenix ne, wato wani nau'in OS ɗin Unix da Microsoft ta karɓi lasisinsa daga AT&T ta sanar da shi a 1980, daga baya kamfanin SCO ya riƙa sayar da shi. Ranar da na fara ganin haka wallahi na ɗauka kwamfutoci huɗu ne, sai da na bi wayoyin da hannuna.

Kuma fa ba shi kaɗai ba ne. Wani OS mai suna CP/M na Gary Kildall mutum ɗaya aiki ɗaya yake ɗauka, sai kamfaninsa Digital Research ya fito da MP/M a 1979 mai ɗaukar mutane da yawa. A Kanada an yi QNX a 1982. Shi kuwa DOS da ya zo da IBM PC a 1981 ya mamaye duniya, aiki ɗaya ɗaya yake yi, in kana buga takarda a mafi yawan lokuta sai dai ka harɗe hannu.

Wanda nake so ka tsaya a kansa shi ne OS-9 na kamfanin Microware da ke jihar Iowa a Amurka, an yi shi don injin Motorola 6809. Ya hau kan Color Computer ta Radio Shack, 'yar kwamfutar gida ce da ake jona wa talabijin, gudunta bai ma kai megahaz 1 ba, memorinta 64K. Ka ɗauki biro ka raba 4GB ɗinka da 64K, za ka samu 65,536. A cikin wannan ɗan wurin mutum na aiki a gaban talabijin, wani ya jona tamina ta baya ya shiga da sunansa, su biyu suna aiki tare.

Yaya aka yi? Ka taɓa tsayawa ka kalli mai shayi da safe ai, ya fasa ƙwai a kasko, kafin ya soyu ya zuba wa wannan shayi ya yanka wa wancan burodi ya dawo ya juya ƙwai, hannu biyu ne dai amma kowa a benci gani yake shi ake yi wa aiki. To akwai agogo a cikin injin da ke katse shi sau da yawa a duk daƙiƙa, da ya buga sai OS ya adana inda wannan firogiram ya tsaya ya ɗauko na gaba, wanda ke jiran kibod ko faifai kuma a ajiye shi gefe kada ya ci lokacin wasu. Wajen memori ne dabarar OS-9 ta fi burge ni. An rubuta firogiram ɗin yadda zai yi aiki a duk inda aka sauke shi, kuma ba ya rubutu a jikin kansa, don haka in mutum biyu na amfani da edita (firogiram ɗin rubutu) ɗaya kwafi ɗaya ne a memori, kowa dai da wurin ajiye bayanansa daban, kamar allo ɗaya a gaban aji kowane ɗalibi da littafinsa. Amma a 64K ɗin nan babu katanga tsakanin firogiram da firogiram, ɗaya in ya yi kuskure ya rubuta a wurin wani sai kowa ya faɗi, shi ya sa masu rubutun lokacin suke da taka tsantsan sosai.

Mu ma mun sha wuya, in aka ɗauke wuta ba a kashe ta yadda ya kamata ba, abin da ke memori bai sauka a faifai ba, da safe sai mu zauna muna kallon fsck, firogiram ɗin da ke duba faifai, na gyara, gabanmu na faɗuwa ko albashin wata ya tafi. A nan na gane me ake nufi da sync, wato sauke abin da ke memori a faifai, ba a aji ba.

Don Allah Abba kar ka yi wa kos ɗin nan hadda. OS ɗin Linux da ke cikin wayar Android ɗinka, Linus Torvalds ya fara shi ne a 1991 yana ɗalibi, a kan kwamfuta mai injin 386 da RAM 4MB, bayan ya koyi abin daga Minix, wani ɗan OS na koyarwa da Farfesa Tanenbaum ya rubuta. Ka sa Linux mara nauyi a laftof ɗin, ka buɗe firogiram ɗin top ka ga wa ke cinye maka memori, ka buɗe wa abokin ɗakinka akawun ya shiga daga tasa kwamfutar ta ssh, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, kuna aiki tare. Sannan ka rubuta ɗan firogiram da yaren C wanda zai riƙa karɓa-karɓa tsakanin ayyuka uku, ko da ba kyau, ka zo min da shi hutu mu duba tare, har yanzu idona na iya karanta C in na sa tabarau.

Ka riƙe sallah kan lokaci, ka kira mamanka ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Babanka